Gishirin da Ya Ƙi Daskarewa

Tun da na dawo Kumasi ba a bar ni na sha ruwa ba. Wannan ta tare ni a bakin ɗakin gwaji, wancan ya turo saƙo a waya, kowa tambayarsa ɗaya: yaya Bawku, yaya hanya? In na ce lafiya lau sai a ce ina ɓoye wani abu, tunda na ware kwalba ɗaya na shimfiɗa mata auduga a kan teburina, na kuma hana kowa buga mini ƙofa. To ga labarin gaba ɗaya, ku karanta ku huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san aikina ba, karatu nake yi a kan wani irin gishiri da yake zama ruwa. Ba ruwan gishiri nake nufi ba, babu ɗigon ruwa a cikinsa, gishirin ne da kansa yake malala kamar man gyaɗa mai kauri. Gishirin miya ƙwayoyinsa ƙanana ne masu tsari, suna jeruwa sahu-sahu, shi ya sa yake da tauri. Nawa kuwa ƙwayoyinsa karkatattu ne, kowace da kai da doguwar wutsiya. Kawunan su sarƙe da juna, wutsiyoyin su koma gefe su cure, sai jeruwa ta gagara. In ka narka shi a wuta ka ajiye, zai huce har ya wuce inda ya kamata ya daskare, amma ya ƙi. Zafin da ya sha yana nan ƙunshe a ciki, kwalbar kuwa sanyi ƙalau a hannu, kuma yana iya yin wata da watanni a haka. Ranar da wani ɗan abu ya faɗa ciki, ko aka girgiza shi yadda bai so ba, sai ƙwayoyin su sami sahu, ya daskare, ya saki zafin a hankali daga ƙwaya zuwa maƙwabciyarta har ya iso jikin kwalba. Burinmu shi ne wata rana a tara zafin rana da shi. Malamina da ya ji zan tafi arewa, sai ya haɗa ni da kwalabe uku a cikin akwatin roba, wai in ga ko za su jure ramukan hanya.

Dalilin tafiyar kuwa kakana ne, Baba Alasan na Salaga. Tagwaye ne shi da Baba Fuseni. Gidanmu gidan fataken goro ne tun kakannin kakanni, kuma tun suna samari aka raba musu aiki: Alasan ya zauna Salaga yana ɗaure huhun goro yana turawa, Fuseni ya zauna Bawku yana karɓa. Ba faɗa suka yi ba, sana'ar ce ba ta yarda bakin hanya ɗaya ya zauna babu kowa. Duk huhun da zai tafi, Baba Alasan yakan ɗora farin goro ɗaya a samansa, direba kuma ya dawo masa da jar albasar Bawku guda ɗaya. Ma'anarsa ina nan da rai, kai fa? Cinikin goro ya mutu, waya ta zo, amma tsofaffin nan ba su daina ba. Sai bana goro ya tafi, albasa ba ta dawo ba. Adiza, 'yar Baba Fuseni, ta kira ta ce tsoho ya daina cin abinci, likita ya sallame su tun tuni ya ce a koma gida a yi addu'a, amma shi idonsa yana kan ƙofa, ya ƙi tafiya. Aka rasa mai raka Baba Alasan sai ni, amaryarsa kamar yadda yake kirana tun ina rarrafe.

Na isa Salaga da rana, babura da motocin doya sun cika gari da ƙara. Na ajiye kayana a zaure na shiga gaida mutanen gida, na manta da ɗabi'ar tsohon. A wurinsa kaya ba sa kwana a ɗaure. Duk abin da ya shigo gidan sai ya kwance shi ya zura hannu ya ji, domin goro in ya fara ɗumi a cikin huhu to ya kama hanyar lalacewa. Ina fitowa na same shi ya buɗe akwatina, ya cire murfin kwalba ɗaya, ya tsoma tsinken sakace haƙorinsa a ciki.

Na yi masa faɗa kamar zan ari baki. Na ce ba a lasa, ba a shinshinawa, kuma ya ɓata mini aikin wata guda. Bai ko kalle ni ba. Daga bakin tsinken wasu fararen allurai suka fara tsirowa, suna tafiya cikin ruwan a hankali, suna rassa, har suka cika kwalbar. Ya rungume ta da tafukansa biyu.

"Amarya," ya ce, "ta yi ɗumi kamar hannun mutum."

Da na huce sai na yi masa bayani kamar yadda na yi muku, ina jin daɗi yana bina da ido. Da na gama ya ce, "Wato lokacinta ya daɗe da wucewa. Jira kawai take yi a taɓa ta." Na ce haka ne, tsoho, ka fi wasu ɗalibai. Ya mayar da murfin, ya ajiye kwalbar a ƙasa kamar mai ajiye ƙwai, ranar bai ci sakwarar da aka daka masa ba.

Da safe mun shirya, lorin Yendi tana tasha tana ɗibar mutane, sai ya ce shi sai ya je ya ga rijiyoyi. Mutumin da aka haifa a Salaga, ya tsufa a Salaga, bai taɓa damuwa da su ba sai yau. Tsofaffin ramuka ne a bayan gari, inda aka ce a da ake yi wa mutanen da za a sayar wanka kafin a kai su kasuwa. Ciyawa ta rufe bakin da yawa daga cikinsu, sai kana dab da faɗawa kake gani. Rana ta take, amma iskar da ke fitowa daga ciki sanyi gare ta, kuma ko tsuntsu ban ji ba a wurin. Ya tsaya a kan ɗaya yana leƙen baƙin ruwan da ko motsi ba ya yi. Ni dai tsigar jikina ta tashi, na ja hannun rigarsa. Kafin mu dawo lori ta tafi, sai da muka jira ta bayanta.

Hanyar Bimbila ba sai na faɗa muku ba, malamina ya sami abin da yake so. Akwatin yana kan cinyata, doya a ƙarƙashin ƙafata, akuya a saman mota tana yi mana ruwa ta taga duk lokacin da ta ga dama. Matar da ke gefena ta tambaye ni ko maganin haihuwa nake sayarwa, na ce a'a, ta ce kowa haka yake cewa. A duk ramin da muka faɗa, sai Baba Alasan ya miƙo hannu ya dafa murfin akwatin.

A Yendi muka sauka gidan Mma Sanatu, matar wani tsohon abokin cinikinsa da ya rasu. Gaisuwar Dagomba ta kusa kashe mini gwiwa. Mu a gida ka durƙusa sau ɗaya ka miƙe, su kuwa sai ka tsuguna, duk abin da aka tambaye ka ka ce "Naa," a tambayi hanya, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen da ka baro ɗaya bayan ɗaya, kana tsugune. Ta kawo mana wasawasa, wani baƙin abinci na garin doya mai kama da dambu, da mai da yaji da soyayyen kifi. Kallon farko na raina shi, amma sai da na nemi ƙari.

Washegari tsoho ya ce bayansa ya riƙe. Wata washegarin ya ce hularsa ta ɓata, kuma ba zai shiga wurin ɗan'uwansa da kai a buɗe ba. Muka birkice gidan Mma Sanatu, daga ƙarshe ta tsinci hular a cikin tukunyar da take ajiye kuka. Ta kalle ni, na kalle ta. Adiza kuwa sai kira take yi, da Hausarta ta zango: "Sista, ku zo mana. Baba ba ya barci, ba ya sha ruwa, ƙofa kawai yake duba." Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka tsoron hanyar Bawku yake ji yana ɓoyewa, saboda rikicin da ake yi a garin.

Da la'asar ɗin ranar na shiga ɗakin da aka ba ni in ɗauki hijabi. Ɗakin a rufe yake tun safe, makullin yana wurina. Ban san abin da ya sa na buɗe akwatin ba. Kwalba ta biyu ta yi fari har rabi, alluran suna ci gaba da tafiya a idona, babu wanda ya taɓa ta. Na ɗora yatsa, ɗumi. Sai na ji muryarsa a bayana, daga bakin ƙofa, ban ma ji takunsa ba.

"Ba Fuseni ba ne. Yana nan."

Ban tambaye shi komai ba, ban kuma gaya masa abin da na gani ba, jikina ya tare akwatin. Na kira Adiza. Ta ɗauka tana kuka, ta ce yanzun nan numfashin tsoho ya ɗauke har mata sun fara salati, sai kuma ya ja shi ya dawo, ya mayar da idonsa kan ƙofa. Na san bayanin abin da ya faru da kwalbata. Girgizar hanya kan haifar da ɗan ƙwayar da ido ba ya gani, ta yi ta girma a ɓoye sai daga baya ta bayyana. Na sha ganin haka a ɗakin gwaji. Amma gaskiya tsoro ya kama ni, har na kasa ɗaura hijabin daidai.

Mma Sanatu ce ta fitar da mu, ta sa aka kawo mota har ƙofar gida ta tsaya a kansa sai da ya shiga. Muka bi ta Gushegu, muka gangara dutsen Nakpanduri direba yana taka birki yana karanta duk addu'ar da ya iya, muka wuce Garu. Daga nan shingayen sojoji suka fara yawa. A wani shinge aka sauke mu duka. Wani soja ya ce wa Baba Alasan ya cire batakarinsa, wai an hana sa irin wannan babbar riga a garin saboda abin da ake iya ɓoyewa a ƙarƙashinta. Tsoho ya tsaya a bakin titi da 'yar shara, kafaɗunsa kamar na ɗan tsako, na ji kamar in yi kuka. Sojan ya buɗe akwatina, ya ɗaga kwalba ta uku yana duba ta a rana. Na fara yi masa bayani da Turanci, na ga hannunsa ya ɗaga zai girgiza ta.

"Ɗana," in ji Baba Alasan a hankali, "riƙe ta da kyau. Akwai mai jira."

Ban san ko sojan yana jin Hausa ba. Ya dai dubi tsohon, ya mayar da kwalbar cikin audugarta da hannu biyu, ya ce mu wuce.

Bawku gari ne na kasuwa, shanu da buhunan hatsi da albasa ko'ina, amma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babura. A Salaga namiji ko bayan gida zai je sai ya hau babur. A nan an hana maza, mata ne kaɗai ke tuƙawa, sai ka ga ƙaton mutum yana tafe a ƙasa matarsa ta wuce shi da gudu. Kuma kowa idonsa yana kan rana, saboda dokar hana fita. Ina tsaye ina rigima da yaron mota kan jakata da ya danne da buhun gawayi, ina juyowa babu Baba Alasan. Wata mai sayar da tubani ta nuna mini wata yalo-yalo, keke mai ƙafa uku, ta kama hanyar Pusiga, farar hularsa tana leƙowa ta baya.

Na tari wata na bi shi, akwatin a ƙirjina, ina zagin tsufa da tagwaye da malamina gaba ɗaya. Ban cim masa ba sai bayan Pusiga, a bakin iyakar Togo. Iyakar ba ta kai sunanta ba, sanda ce a gicciye da rumfar jami'ai, mata suna ratsa gefenta da kaya a ka kamar masu zuwa gidan maƙwabta, ana ciniki da harsuna kusan biyar a lokaci ɗaya. Na same shi zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Wai turare zai tsallaka ya sayo wa ɗan'uwansa, na can ya fi kyau.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce masa ƙarya yake yi, tun daga rijiyoyin Salaga ƙarya yake yi, kuma in ba mu juya yanzu ba za a rufe gari mu kwana a nan. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, bai ɗaga kai ba:

"Ke kika gaya mini. Lokacinsa ya wuce, jira yake a taɓa shi. In na shiga ɗakin nan, ni ne tsinken. Duk kwanan da na yi a hanya, kwana ne na ƙara masa."

Na zauna kusa da shi. Na so in ce masa mutum ba gishiri ba ne, amma na san ba zai ji ba, ni ma a lokacin ban tabbata ba. Sai na buɗe akwatin na nuna masa kwalbar. Na ce, "Baba, kana ganin kamar hutawa take yi? Ba hutawa take ba. Duk zafin da ta sha yana kanta, ta rasa inda za ta sauke."

Ya daɗe yana kallonta. Kasuwar bakin iyaka ta fara watsewa, ana ta naɗe tabarmi. Can ya ce a gidan ubansu doka ɗaya ce ba a taɓa karyawa ba: in ɗan dako ya iso ƙofa da huhu a ka, ko sallah za ka tayar, sai ka fara kama masa ya sauke. Ya share fuskarsa da hular. Ya ce in kira mana yalo-yalo.

Mun shigo Bawku rana tana ja. Ban taɓa ganin gari irin haka ba, da sauran haske sarai amma babu mutum ko ɗaya a titi, shaguna a rufe, tukunyar koko a kan murhu tana tururi mai ita ta shige gida. Ƙarar kekenmu kaɗai ake ji. Adiza tana tsaye a bakin ƙofa, ta ja mu ciki ta sa sakata.

Ɗakin Baba Fuseni sanyi gare shi, a garin da bango yake ƙona hannu. Yana kwance, fuskar kakana ce sak, sai dai an zare mata nama. Idonsa yana kan ƙofa kamar yadda aka faɗa. A gefen matashinsa akwai jar albasa guda ɗaya, ta daɗe a wurin har ta fitar da dogon koren tsiro. Adiza ta raɗa mini cewa ya hana a ba direba, ya ce wannan da hannunsa zai bayar. Ta ce hannayensa kuwa tun da ya kwanta kamar randa suke don sanyi, ta shafa mai, ta gasa tsumma, a banza.

Baba Alasan ya zauna a bakin gado, ya haɗa hannayensa a cinya, bai taɓa shi ba.

"Ka daɗe," in ji Baba Fuseni, da ƙyar ake ji.

"Hanya ce."

"Ƙarya kake."

Suka yi wani ɗan murmushi iri ɗaya. Baba Fuseni ya lallaɓa ya ɗauko albasar, ya miƙo hannu. Ya tsaya a haka a iska. Na ga kakana yana kallon hannun nan. Sai ya yi bisimilla ya karɓi albasar, ya kama hannun da tafukansa biyu, kamar yadda ya riƙe kwalbata a zaure.

Adiza tana riƙe da ɗaya hannun. Bayan ɗan lokaci ta ɗago ta kalle ni, ta ce, "Sista, ya yi ɗumi." Na taɓa, haka ne. Baba Alasan yana ta karanta masa kalmar shahada a kunne, shi kuma ya sauke idonsa daga kan ƙofa a karo na farko ya rufe. Kafin a kira magariba ya cika. Ɗumin bai bar hannun da wuri ba, kakana kuma bai sake shi ba sai da ya huce.

Ba zan ɓoye muku ba, da na fita tsakar gida abin da na fara yi shi ne buɗe akwatin. Na tabbata zan sami kwalba ta uku ta yi fari. Ruwa ce, garau, sanyi ƙalau.

Bayan an yi addu'a muka juyo ta hanyar da muka bi, tsoho bai ɓatar da hula ba, bai yi ciwon baya ba. Albasar tana aljihunsa har Salaga, ya dasa ta a tsohuwar roba a bakin zaure. Ranar da zan taho Kumasi ya ce in kawo akwatin. Ya zura hannu kamar mai duba huhu, ya daɗe yana ji, sannan ya rufe da kansa.

"Biyu sun sauke," ya ce. "Wannan tawa ce, amarya. Ki kai ta inda ba mai taɓa ta."

Malamina ya tambaye ni kwalbar ya fi a ƙirga. Ya ce ita ce mafi muhimmanci, tunda ita ta jure hanya, yana so mu sa mata tsinke mu auna zafin da za ta saki. Na ba shi biyun, na ce ta ukun sai wani lokaci. Na san abin da ke cikinta ƙwaya da ƙwaya, zan iya zana muku kawunan da wutsiyoyin a allo, kuma na san babu abin da ya haɗa ta da wani tsoho a Salaga. Duk da haka kowace safiya, kafin in kira Baba Alasan mu gaisa, sai na fara ɗora bayan yatsana a jikinta. Don Allah in kun zo ɗakina ku riƙa rufe ƙofa a hankali. Yau da safe dai sanyi ƙalau take.